Layin Mai Gawa

Jiya ɗaya daga cikinku ya juyo mini da allon kwamfutarsa, wai in zo in ga abin mamaki. Aikin jera sunayen ɗalibai na ba shi, ya gama shi a layi ɗaya da 'yar kibiyar nan a tsakiya, sai kaɗa ƙafa yake yana jiran in rangaɗa masa guɗa. Na tambaye shi yaushe layin nan zai yi aiki, yanzu da ya rubuta shi ko sai can gaba. Ya ce ai ga shi yana aiki, Hajiya. Na ce ba abin da na tambaye ka ba ke nan. Ya tsaya yana sosa ƙeya, sauran kuma kuna ta ƙyalƙyala dariya kamar akwai wanda ya san amsar a cikinku. To ku jawo kujeru, ku kife wayoyin nan. Tunda kun ce lamda, wato layin nan mai kibiya, wasan yara ce, yau za ku ji abin da ta taɓa yi a garin nan.

Ni ma na gama difloma da takarda mai kyau, kaina ya kumbura kamar naku, alhali ban iya komai ba. A shagon Malam Lawal na gane haka, cikin wani lungu kusa da hasumiyar Gobarau. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya ya buɗe wurin koyar da rubuta manhaja. Kwamfuta ɗaya ce tal, mu kuwa da yawa, ga wani batirin ajiye wuta da ke tsala kuka da zarar an ɗauke wuta, kowa ya ruga ya adana aikinsa kafin ya mutu. Littafinsa na Java, yaren da muke rubuta manhaja da shi, ba bango, ya sha hannu har ya yi baƙi. Dokarsa ita ce ba ka taɓa kwamfutar nan sai ka rubuta kod ɗinka, wato umarnin da za ka ba ta, a takarda, ka tsaya gabansa ka karanta masa da baki, shi kuma yana tauna goro idonsa a rufe. Duk layin da ka karanta, tambaya biyu zai yi maka: wa zai kira shi, kuma yaushe. In ka yi inda-inda sai ya ce goge, ko idon ba zai buɗe ba. Na tsani mutumin nan ƙwarai a lokacin. Allah ya ji ƙansa.

A wurinsa na koyi intafes. Intafes ba ya aikin komai, sharaɗi ne kawai: a ba ni abu kaza, in mayar da abu kaza. Wanda muke magana a kansa shi ne mai aiki ɗaya tak a cikinsa, domin shi kaɗai lamda ke iya cikawa. Kamar soket ne a bango, duk filogin da bakinsa ya dace zai shiga, ko na fanka ne ko na dutsen guga. Kwamfaila, wato mai tace kod kafin a bar shi ya yi aiki, bakin filogin kawai take dubawa. Abin da ke ƙarshen wayar ba ruwanta.

Akwai aikin wani mai kemis da muka yi a shagon. Yana son maganin da ya kusa lalacewa ya riƙa fitowa a sama don a fara sayar da shi. Aikin dai a kwatanta magani biyu ne a faɗi wanda zai gabata. Abokin koyona ya juya su, na farko a wurin na biyu. Kwamfaila ta karɓa ba gardama, tunda biyu aka ba ta ɗaya ya fito, sai ga sabon magani a sama, tsohon yana can ƙasa yana jiran ya ruɓe. Wajen karantawa da baki Malam Lawal ya kama shi, ya kuma hana shi kujerar kwamfuta har sati ya zagayo.

A zamanin nan babu lamda. In kana son ka miƙa ɗan ƙaramin aiki irin wannan, sai ka gina kilas, wato sashen manhaja guda sukutum, ka raɗa masa suna, ka buɗe alamar baka ka rufe alamar baka, shafi ya cika saboda magana ɗaya. Don haka da aka kawo lamda cikin Java na fi kowa murna, kada wani ya fita ya ce tsohuwa na gaba da sabon abu. Kullum da ita nake aiki. Amma na san ko mece ce ita. Saƙo ce marar suna. Ka rubuta ta yanzu, ka miƙa wa wani sashe na manhajar, shi kuma ya aiwatar da ita lokacin da ya ga dama, ko nan take ko bayan wuni. Kuma in za ta tafi, tana ƙunshe abin da aka ajiye kusa da ita a lokacin da aka haɗa ta, ta tafi da shi kamar guzuri. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Aikin tasha ya zo mini ne bayan na buɗe shagona a hanyar Ƙofar 'Yandaka. Wata ƙaramar tasha ce a bayan ganuwa, ba zan faɗi sunanta ba, motocinta ƙauyukan yamma suke zuwa. Ciyaman ɗinsu, Alhaji Mamman, shi ya zo da kansa. Rigimarsu ta layi ce, wa zai yi lodi kafin wa. Direbobi na zargin 'yan kamasho da son kai, har an fara fasa baki. Suka sayi tsohuwar talabijin suka rataye a rumfa ta zama allo, da 'yar kwamfuta a ofishin sakatare, suka ce in rubuta musu abin da zai jera layi. Kafin in fara ma sun taru sun yi rantsuwa cewa abin da allo ya nuna shi ne hukunci, ko ciyaman bai isa ya taɓa ba.

Ku da kuke karɓar bayanin aiki ta saƙon waya, ni benci na samu a rumfar nan na yi kwanaki ina zaune cikin hayaƙin mota. Kowa na tambaya amsa ɗaya ce, wanda ya riga dawowa shi zai riga lodi. Har na tattara jakata zan tafi, wani dattijon direba mai jan gemu, Malam Idi, ya matso ya gaishe ni, ya tambayi gida da yara da aiki da gajiya, sai da ya ƙare tsaf sannan ya ce, "Hajiya, halan ba su hwaɗa maki na gawa ba."

Ashe suna da al'ada. In mutumin ƙauye ya rasu a asibitin birni, danginsa suka zo tasha suna son a kai shi gida, direba ɗaya zai fita daga layi ya ɗauka, ba ya karɓar komai sai mai. In ya dawo kuwa shi ne farkon lodi, ko wa ya tarar a gaba. Ba wanda ya gaya mini saboda a wurinsu ba abin faɗa ba ne, kowa da shi ya tashi.

Na rubuta wannan ƙa'ida a kilas mai zaman kansa, na sa masa suna Layin Mai Gawa, da Hausa, don ko wa ya buɗe ya gane. Duk lokacin da za a kwatanta direba biyu, sai ya je ya tambayi tashar wa ke kan aikin gawa a yanzu. Sakatare zai taɓa sunan direba a kwamfuta in zai tafi, ya sake taɓawa bayan ya dawo ya yi lodinsa. Dogo ne, ba kyan gani, na yarda. Amma ya yi shekaru yana aiki ba a kira ni ba sai don gaisuwar sallah.

Sai mummunar shekara ta zo, wadda hanyoyin yamma suka lalace da 'yan bindiga har aka yanke layukan waya a ƙauyuka. Wasunku a lokacin ba abin da ya dame su sai rashin shiga intanet. Mu kuwa masu makarantu suka daina kira, masu kemis suka ce a dakata, na sallami masu taya ni aiki, na rufe rabin shago. Direbobin tasha suka kafa wa kansu doka, ba mai shiga hanyar nan bayan la'asar, domin dawowarsa za ta faɗa cikin magariba. Gawa kuma ta yawaita.

A cikin wannan hali Alhaji Mamman ya shigo shagona da mijin 'yarsa, wani Injiniya Sagir da ya dawo daga Abuja, ƙato da shi da gemu da tabarau, ba yaro ba. Wai zai karɓi kula da manhajar tasha kyauta. Ya buɗe kod ɗina a gabana, ya yi ta gungurawa yana murmushi, ya ce Hajiya wannan ai gidan tarihi ya kamata a kai shi. Alhaji Mamman ya sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci sosai, amma na miƙa masa komai na ce Allah ya ba da sa'a. Ya bi kilas-kilas ɗina ya rushe, ya mayar da kowanne lamda. Ranar nuna aiki aka tara direbobi, ya sa sunan wani a aikin gawa, sannan ya kunna manhajar, sunan ya haye sama. Aka tafa masa. Ku lura da abin da ya fara yi da abin da ya biyo baya.

Malam Idi ne ya fara gani. Ya kai gawar wani yaro, ya dawo ƙura har gira, ya ɗaga kai ya ga sunansa a can ƙasan allo. Ya nemi benci ya zauna. Ciyaman ya so ya sa baki, waɗanda ke gaba suka tuna masa rantsuwa. Sagir ya ce sakatare ne bai iya taɓawa ba. Aka sake yi wa wani direban haka. Sannan Bala, ƙanin ciyaman uwa ɗaya uba ɗaya, ya ɗauki tasa gawar, ya dawo ya tarar da sunansa a sama. Ya yi lodi ya je ya dawo, sunansa a sama kuma. Wunin ranar duk dawowar da ya yi shi ne farko. Nan fa tasha ta ɗauki zafi, aka ce injin ya san gidan mai shi. Direbobi suka yanke cewa ba mai sake ɗaukar gawa, kowa ya san inda zai kai mamacinsa.

Wata rana bayan azahar wayata ta yi ƙara, Alhaji Mamman ne, ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba, ya ce don girman Allah in zo. Na tari keke na je. Na tarar da gawar wata mata a naɗe cikin tabarma a bayan a-kori-kurar da ta kawo ta daga asibiti, an raɓa ta a inuwar darbejiya. Mijinta, wani siririn manomi, yana tsugune a gefe ya rungume takalmanta. Tun hantsi suke nan. An ba shi shawarar a yi mata sutura a birni, ya ce uwarta tsohuwa na can ƙauye tana jira, kuma ya yi wa matar alkawarin kai ta gida tun tana iya magana. Direbobi na zaune a rumfa kowa na kallon ƙasa. Ba mugaye ba ne, kunya ta ishe su, amma sun gaji da a mayar da su sakarkaru. Sun ce in allo ya dawo da gaskiya a idonsu, a take wani zai tashi. La'asar kuwa tana matsowa.

Injiniya na ofis yana zufa, yana gaya wa kowa matsalar intanet ce, alhali kwamfutar nan tunda aka saye ta ba ta taɓa shiga intanet ba. Na ce ya ba ni kujera. Na nemi kalmar gawa a cikin kod, babu. Ya share sunan tare da kilas ɗin. Ko'ina kibiyoyi ne, da harufa ɗai-ɗai a matsayin suna, wannan lamda a cikin waccan, ba wadda za ka kira ta amsa. Abin da kuke yabo ke nan, gajarta. Na yi ta bi ɗaya bayan ɗaya ina karantawa da baki a hankali, shi kuma yana tsaye a kaina yana cewa ai kwamfaila ba ta nuna kuskure ko ɗaya ba. Da na gaji na juya wurin sakatare na tambaye shi abin da ya bambanta ranar Bala da sauran ranakun. Ya yi tunani ya ce ba komai, sai dai an ɗauke wuta bayan Bala ya tafi, ya sake kunna injin da janareta.

Jin haka na san inda zan duba, na nufi sashen da ke tashi da safe in an kunna kwamfuta. Ga abin nan a fili. Injiniya ya sa sunan mai aikin gawa a wani akwatin ajiya da abin cikinsa ke sauyawa, ya so lamda ta ɗauka. Java ba ta yarda lamda ta ƙunshi irin wannan akwati, don haka kwamfaila ta ƙi. Wannan ƙin gargaɗi ne, tana ce maka tsaya ka yi tunani, abin nan zai sauya bayan saƙon ya tafi. Shi kuwa gwanin sai ya yi dabarar da na ga wasunku na yi a nan shagon: ya buɗe sabon akwati, ya kwafe abin da ke cikin na farko, ya miƙa wa lamda kwafin. Kwamfaila ta yi shiru, ya ɗauka ya ci nasara. Kwafin nan sau ɗaya ake yin sa, lokacin da aka kunna inji. Da sassafe ba wanda ke kan aikin gawa, don haka wuni guda ana tambayar lamdar tana cewa babu kowa. Ranar Bala an kunna ta yana hanya, sai ta ƙunshe sunansa ta riƙe har aka tashi.

Gyaran bai kai a kira shi aiki ba. Lamdar na bari, layi ɗaya, sai dai na sa ta riƙa tambayar tashar da kanta duk lokacin da aka kira ta. Na ƙara abu ɗaya don direbobi su gani da idonsu tun kafin mutum ya tafi: da an taɓa sunansa zai hau saman allo, a rubuta yana hanya a gefensa, a ci gaba da lodi daga na biyu har ya dawo. Ina cikin haka aka kira la'asar. Da aka idar muka fito rumfa, sakatare ya taɓa sunan wannan ya hau, ya cire, ya taɓa na wancan ya hau. Suka gani, suka gyaɗa kai, suka yarda. Sai wani daga baya ya ce a hankali, "To amma yanzu kau ai la'asar ta yi."

Ba wanda ya motsa. Mijin matar ya ɗago ya dube su ɗaya bayan ɗaya, bai roƙi kowa ba. Can Malam Idi ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"Sakatare, taɓa nawa," in ji shi. Sunan ya hau sama. Ya tsaya ya kalle shi sosai, sannan ya juyo gare ni. "Hajiya, in na dawo ni ne hwarko ko?"

Na ce, "Kai ne, Baba."

Ya yi dariya ya ce to a ɗauko baiwar Allah su tahi.

Sun isa lafiya, an yi mata sutura kafin rana ta faɗi. Mijin ne ya zo tasha daga baya ya ba da labarin. Ya ce sun roƙi Malam Idi ya kwana, har an share masa ɗaki, ya ƙi. Wai lodin farko nasa ne da safe, yau allo ya san shi, ba zai bari ya wuce shi ba. Washegari aka ga motar a gefen hanya, ƙofofi a buɗe, hularsa a kan kujera. Ba a kira kowa neman kuɗin fansa ba, ba a kuma ga gawa ba. Da an tashi da matar nan tun hantsi, da ya je ya dawo ya yi sallar la'asar a rumfar tasha. Wannan abin yana ci mini rai har gobe, kuma ban yafe wa kwafin akwatin nan ba.

Injiniya ya koma Abuja, na ji yanzu har koyarwa yake yi a bidiyon waya, ƙila ma a wurinsa kuka koyi kibiyar. Aikin tasha ya dawo hannuna. Bara da na je sauya musu kwamfuta, sakatare ya ja ni gefe ya ce direbobi sun ce a sauya komai amma kada a taɓa na sama. Na tambaye shi yadda suke yi in wata gawar ta zo, ya ce suna ɗauka, ba a fasa ba ko sau ɗaya, in mutum ya dawo na gaba ne ke ja masa da baya da kansa, ba ruwan allo. Haka na kwashe komai zuwa sabon injin. Kullum da safe a kunna, lamdar ta tambayi tasha wa ke kan aikin gawa, a ba ta amsar da aka ba ta jiya. Duk wanda ya bi ta rumfar nan zai ga Malam Idi a saman allo, yana hanya, ana lodi daga na biyu.

Kai mai kaɗa ƙafa, juyo da allonka. Tashi tsaye ka karanta mini layin nan da baki, ka gaya mini wa zai kira shi, kuma yaushe.